Wasiƙa Zuwa Damagaram: Yadda Fasto Ɗaya Ke Kiwon Ƙauyuka Shida a Karkarar Ingila

Zuwa ga iyayenmu da dattawanmu, limaman majami'u da masu bishara, iyaye mata 'yan zumunta, da maƙwabtanmu Musulmi da wannan takarda za ta faɗa hannunsu, na Birni da Zango da Sabon Gari har ƙauyukan Mirya, Magarya da Matamai. Muna gaishe ku da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin gona, yaya iyali? Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda muke a nan.

Dalilin takardar shi ne tambayar da ake yawan aiko mana: ƙauyen da masu bi ba su wuce gida huɗu ko biyar ba, ba su da ƙarfin riƙe fasto, yaya za a yi da su? Metodis, wata ɗarikar Kirista, a karkarar Ingila sun fi shekara 250 suna fama da wannan tambaya, shi ya sa muka ga ya kamata mu zayyana muku tsarinsu, da inda yake aiki da inda yake yoyo. Mun san sunan Metodis baƙo ne a wajenmu. Yawancin ikilisiyoyin bishara na gida sun fito ne daga aikin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da ya fara a Zinder a 1924, su kuwa Metodis ta bakin teku suka shigo yankinmu, mai bisharansu Thomas Birch Freeman ya sauka Badagari ta Najeriya a 1842. Ba muna cewa kowa ya canza ɗarika ba ne. Dabarar tafiyar da aiki kawai muke nunawa.

A wurinsu ba a ba ƙauye fasto. Ana haɗa majami'u goma, ashirin ko fiye su zama da'ira guda, a tura wa da'irar fastoci biyu ko uku, ɗaya a cikinsu shi ne shugaba. Kowane fasto sai a danƙa masa kulawar majami'u biyar ko shida, wani lokaci fiye. Babban taron ɗarikar na shekara, wanda John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar, ya fara kira a 1744, shi ke tura fasto, yawanci na shekara biyar da farko, kuma ranar 1 ga Satumba sabon zuwa ke kama aiki.

To mutum ɗaya ba ya rabuwa shida ranar Lahadi. Abin da ke riƙe da komai takarda ce guda, jadawalin wa'azi, da ake bugawa duk wata uku: Satumba zuwa Nuwamba, Disamba zuwa Fabrairu, haka har shekara ta zagayo. Sunayen majami'u na jere daga sama zuwa ƙasa, ranakun Lahadi 13 na jere a kwance, kowane gurbi da sunan wanda zai hau mumbari. Mu ɗauki misali don lissafi ya fito. Da'ira mai majami'u 12 tana da sujada 156 a wata uku. Fastoci biyu, in kowanne ya yi biyu duk Lahadi, sun ɗauke 52. Saura 104. Waɗannan na masu wa'azi 'yan gari ne: manomi, malamar lakwal, ma'aikacin asibiti, wanda ya yi ritaya. Ba a biyan su albashi. In su 15 ne, kowanne zai tashi da kusan bakwai.

Ga yadda ake cika takardar. Tun da sauran makonni, kowane mai wa'azi zai aiko da ranakun da yake da hali da adadin da zai iya. Kowace majami'a kuma ta aiko da buƙatunta, ranar godiyar kaka, ranar baftisma, ranar tunawa da kafuwarta. Shugaban da'ira yakan fara da jibin Ubangiji, domin fasto ne ke jagorantarsa, sai ya tabbatar kowane ƙauye ya samu rabonsa. Bayan nan ranakun musamman. Daga ƙarshe a rarraba 'yan gari, ana duba nisa da wanda ke da mota da wanda sai an kai shi. Gurbin da ya rage babu kowa, a rubuta cewa 'yan majami'ar su shirya da kansu: wani ya yi addu'a, wani ya karanta nassi, wani ya karanta rubutaccen wa'azi.

Ɓarnar da ta fi yawa a nan take. Masu wa'azi mutane ne, sun fi son majami'ar cikin gari mai mutum sittin da mawaƙa a kan ta bayan tudu mai tsofaffi bakwai. In shugaba ya bi son ransu, gurabe marasa suna duk sai su taru a kan ƙauyen da ya fi rauni, wanda shi ne ma ba shi da mai iya tsayawa gaba. Wata uku, wata shida, mutanen sun fara zama gida. Maganin shi ne a fara cika layin ƙauyen nesa kafin na gari, tun alƙalami bai gaji ba. Akwai kuma wata illa da tsarin ya gada: tunda kowace Lahadi da sabon baki, babu mai ɗora koyarwa a kan ta jiya. Da yawa suna bin jerin karatun nassi guda na shekara uku don rage wannan, amma gaskiya bai kawar da shi duka ba.

Ba wanda ya iya magana kawai ake miƙa wa mumbari ba. Wanda ya ji kira zai gaya wa shugaban da'ira, a ba shi izinin bin wani gogaggen mai wa'azi na 'yan watanni, yau ya yi addu'ar buɗewa, gobe ya yi karatu, jibi ya gwada gajeren wa'azi. In taron masu wa'azi, wanda ke zama duk wata uku, ya gamsu, sai a sa shi a matakin gwaji, daga shekara ɗaya har biyar. Yana karatu, yana fita shi kaɗai, ana tura masu saurare su kawo rahoto, ana yi masa tambayoyi a gaban taro. Maza da mata duk hanya ɗaya suke bi. A ganinmu mafi amfani a cikin wannan duka shi ne taron nan na wata uku, domin a nan ake iya ce wa dattijo mai shekara talatin a kan mumbari wa'azinsa ya yi tsawo, kuma ya haƙura ya ji.

Mai wa'azi baƙo ne, yana zuwa ya tafi. Masu riƙe gida su ne wakilan majami'a da ake zaɓa duk shekara. Wakilin da ke kan aiki zai kira mai wa'azi a tsakiyar mako ya karɓi lambobin waƙoƙi, yawanci biyar, da nassin da za a karanta. Ranar Lahadi shi ke buɗe ƙofa, ya kunna abin ɗumama ɗaki tun da wuri, ya yi addu'a da mai wa'azi a ɗan ɗakin baya kafin a fito. In mai wa'azi bai iso ba, nauyin sujadar a wuyansa yake.

Sai maganar ziyara, wadda asalinta ma bashi ne. A 1742 jama'ar Wesley a Bristol suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Aka raba su rukuni-rukuni na kusan mutum 12, kowane rukuni da jagoran da zai bi su ya karɓi kwabo ɗaya duk mako. Masu karɓar kwabo suka riƙa dawowa da labari: wane ba shi da lafiya, wance mijinta na dukanta, wane ya koma shan giya. Wesley ya gane ya tsinci dami a kala, sai ya mai da rukunin wurin kiwon rai. Ana haɗuwa duk mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki, duk wata uku a ba shi ƙaramin kati na shaidar yana cikin jama'a. Yau abin ya yi laushi. Katin sau ɗaya ake bayarwa a shekara, taron mako kuma ya ɓace a wurare da yawa, abin da ya rage shi ne mai ziyara da aka rubuta wa sunaye kamar goma. Amma ko a hakan, shi ne idon fasto da kunnensa. Fasto mai ƙauyuka shida ba zai san an kwantar da tsohuwa a asibiti ba sai mai ziyara ya buga masa waya. Abin da ke kashe wannan aiki baki ne. Mai ziyara ɗaya ya kai sirrin gida bakin shago, shi ke nan, duk ƙauyen sun rufe ciki, kuma buɗe shi sai an shekara.

Kuɗi kuwa ba ya tafiya daga hannun ƙauye zuwa aljihun fasto. Kowace majami'a tana biyan kasonta ga asusun da'ira, da'ira ta biya alawus ɗin fasto, gidan da yake zaune, da kuɗin man mota. Ma'aunin alawus ɗaya ne a duk ƙasar, na birni da na ƙauye. Hikimar a fili take: fasto na iya gaya wa mai kuɗin ƙauye gaskiya ba tare da tsoron tukunyarsa ta kife ba, kuma majami'a mai ƙarfi tana ɗauke da marar ƙarfi. Rigimar ita ce yadda ake yanka kason. In da yawan mambobi aka auna, sai ka ga ana jinkirin rubuta sababbi. In da abin da ke asusu aka auna, sai a fara kukan talauci. Da'irori da dama suna gauraya ma'aunai biyu ko uku saboda haka. Baikon Lahadi mutum biyu ke ƙirga shi kafin a bar ɗakin, su rubuta, su sa hannu, kuma ya fi kyau kada su zama 'yan gida ɗaya. Ana rufe littafi ranar 31 ga Agusta, wani na waje ya duba shi.

Gini shi ne ramin da ke haɗiye su. Yawancin majami'un ƙauye an gina su tun ƙarni na 19, lokacin da ƙauyuka ke cike da ma'aikatan gona da na haƙar ma'adinai. Duk shekara biyar dole masanin gini ya duba rufi, bango, magudanar ruwa da wayoyin wuta, ya rubuta abin da ke gaggawa da abin da zai jira. Tsofaffi goma sai su kwashe ƙarfinsu kaf wajen tara kuɗin rufi, ba su da sauran numfashin leƙa maƙwabci. Sau da yawa kuma gida ɗaya ne ya riƙe mabuɗi da littafin kuɗi da abin kiɗa tun zamanin kakanni. Da su majami'ar ta rayu, wannan ba a musu, amma baƙon da ya shigo yakan ji kamar ya faɗa tsakar gidan mutane ba sallama.

Inda suke da rai, za ka tarar ƙofar a buɗe take a tsakiyar mako: shayin safe ga tsofaffi masu zaman kaɗaici, wurin wasan yara, rabon abinci ga marasa hali, liyafar kaka da duk ƙauye ke zuwa har wanda bai taɓa shiga sujada ba. Akwai limaman majami'a da aikinsu kasuwar dabbobi ne, suna yawo tsakanin garke suna sauraron manoma, domin manomin nan ba ya zuwa ofis ya ce ransa a ɓace yake. An ga amfanin irin wannan a 2001, da ciwon baki da kofato ya sa aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Wannan shiga cikin lamarin talaka tsohon gado ne a wurinsu. George Loveless, jagoran ma'aikatan gona shida na ƙauyen Tolpuddle da aka kora zuwa Ostiraliya a 1834 saboda sun kafa ƙungiyar neman haƙƙi, mai wa'azi ne ɗan gari. Joseph Arch da ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gona ta ƙasa a 1872 shi ma haka. Mumbarin ƙauye ne ya koya musu tsayawa gaban jama'a da riƙe littafin taro.

In za a gwada a gida, kada a kwafa ido rufe. Jadawalin Yuni zuwa Agusta ya faɗa tsakiyar damina, mai wa'azi na gona, hanya ta yanke, saboda haka a sa kowa kusa da ƙauyensa, a bar doguwar tafiya sai rani. A duba ranar kasuwar kowane gari kafin a rubuta suna. Kuɗin man moto a yanka shi tun farko gwargwadon nisa, daga asusun haɗaka, kada a bar mai bishara yana roƙo bayan sujada. Kason ƙauye ba dole ya zama sefa ba. Da kaka a karɓi damin gero ko tiya, a auna gaban mutum biyu, mai mabuɗin rumbu daban, mai littafi daban. Bangon ƙasa da rufin kwano kuwa ba su jiran shekara biyar, a duba su duk shekara kafin ruwan fari.

Abu guda da Ingila ba za ta koya muku ba shi ne zama da maƙwabci. A nan yawancin mutanen ƙauye ba ruwansu da addini. A gida addini na da rai, masu bi kuma 'yan kaɗan ne a tsakiyar dangi Musulmi. Mai wa'azin da jadawali ya tura ƙauyen da ba nasa ba, ya fara sauka ƙofar mai gari, ya gaida liman, a san fuskarsa da wanda ya aiko shi. In ya tarar da rasuwa a garin, zaman makoki ya riga sujada.

A gaida mana iyaye mata da yara, da duk wanda ya tambaye mu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Naku,
'ya'yanku da ke arewacin Ingila