Abin da nake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi kafin keke ya fara aiki

A keken surfani na hannu na koyi sana'a, lokacin da takardar jarida ko ta buhun siminti kawai muke sawa ƙarƙashin wuyan kaftani. Ta yi mana rana, domin hannun mai aiki ne ke riƙe da yadin yana lallaɓa shi. Keken kwamfuta kuwa bai san lallashi ba. A minti ɗaya yakan soka allura sau 700 zuwa 800, kuma kowace suka sai ta ɗan jawo yadin ciki. Idan abin da ke bayansa bai da ƙarfin riƙe shi, aikin zai tattare, layin gefe ya kauce wa cikon da ya kamata ya zagaye. Tajima ne ko Brother ko ɗan Chaina, duk haka ne.

Yanzu kafin in ɗauki gam, wato shimfiɗar da ake sawa a bayan yadi don ta riƙe shi lokacin surfani, yadin nake fara ja da hannu biyu, tsaye da kwance da kuma karkace. Wanda bai talewa, irin shadda da yadin maza mai kauri, gam mai yagewa nake sa masa. Idan an gama sai in dafe ɗinkin da babban yatsa in yage sauran a hankali. In zanen mai cika ne, kamar gaban babbar riga da zare ke hawa kan zare, gara in sa mara nauyi ninki biyu, ɗaya a gicciye kan ɗaya, da in sa mai kauri guda. Ana yage su ɗaya bayan ɗaya, zaren bai wahala.

Duk abin da ke talewa kuma, rigar 'yan ƙwallo ce ko ta 'yan makaranta mai tambari a ƙirji, sai wanda ake yankewa da almakashi. Nan ne na fi samun saɓani da abokan sana'a, saboda mai yagewa ya fi arha, ya fi sauri, kuma ranar da aka sauke aikin ba mai iya bambancewa. Sai an yi wanki biyu uku gam mai yagewan ya ruɓe, tambarin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Uwar yaron ba ta san komai game da gam ba, abin da ta sani shi ne shagon wane ya yi aikin. Mai yankewa yana zama a bayan rigar har ta tsufa. Ina barin kusan rabin santimita a kewayen zanen, in zagaye kusurwoyin don kada su soki fata.

Akwai kuma mai narkewa a ruwa, mai kama da farar leda. A saman tawul da karammiski nake shimfiɗa shi don kada zare ya nutse cikin gashin. Amma sabuwar shadda ba na kusantarta da shi. Mutum ya sayi Getzner a Kantin Kwari da kuɗi mai yawa saboda ƙyallinta, ka yayyafa mata ruwa ta yi tabo, me za ka ce masa? Da damina kuma a leda nake ɗaure shi, don raɓar iska kaɗai kan sa shi danƙo.

Gam na guga, wato wanda ake manna wa yadi da zafin dutsen guga, shi ma sai da lura. Ina kifa shaddar, in ɗora ƙyalle, in danna dutsen guga ba tare da ja ba.

Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Malam, me ya sa wuyan nan ya tsaya haka, ba kamar na bara ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, juya cikin ka gani." Ya shafa bayan aikin, ya ce a yi wa sauran kala ukun haka.

A wurin ɗaurawa a firam, wato zoben da ke riƙe yadi a kan keke, gam da yadi tare suke shiga, a miƙe sumul, amma ba na jan yadin bayan na ɗaure. Abin da aka ja da ƙarfi, da an kwance zai koma yadda yake, ya bar tattara a gefen zanen. Idan kuma yadin baƙo ne a wurina, ina neman ragowar ƙyallensa daga mai yanka, in buga ɗan ɓangaren zanen a kai, in wanke in shanya, sannan in taɓa kayan mutane.