Zirin Ciyawa Tsakanin Gona da Tafki

Duk lokacin da na ga tafkin gona ya rikiɗe ya zama kore shar, gansakuka ta rufe fuskarsa, ba ruwan nake fara dubawa ba, bakinsa nake dubawa. Sau da yawa sai in tarar an yi huɗa har gaɓa, ba a bar ko taku ɗaya na ciyawa ba, ta yadda duk abin da ruwan sama ya wanko daga gonar, taki ne ko laka ko kashin dabbobi, kai tsaye yake zarcewa cikin tafkin.

Sinadarai biyu ne ke yin wannan ɓarna, wato naitirojin da fosfaros, kuma su ne dai abincin da manomi ke saya domin shukarsa. Idan suka yi yawa a ruwan da ba ya gudu, sai gansakuka ta yi ta hayayyafa, ta tare hasken rana daga tsirran da ke ƙasa, sannan idan ta mutu ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin, shi ya sa ake wayar gari a ga kifaye sun taso matattu. Wani nau'in gansakukar ma yana fitar da gubar da ke iya kashe dabbar da ta sha ruwan. A shekarar 1973 masanin kimiyya David Schindler ya raba wani tafki a lardin Ontariyo na Kanada gida biyu da labule, ya zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, amma ya ƙara fosfaros a ɗaya kawai, kuma wannan ɓangaren ne gansakuka ta mamaye.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a bar ziri na ciyawa mai kauri ya kewaye tafkin, ba a nome shi, ba a zuba masa taki. Aikinsa na farko shi ne karya ƙarfin ruwa. Idan malala ta shiga cikin kararen ciyawa sai ta rage gudu, lakar da ta ɗauko ta kwanta, kuma tun da yawancin fosfaros manne yake da ƙwayoyin ƙasa, a nan shi ma yake tsayawa. Naitirojin kuwa halinsa daban ne, domin yana narkewa ya bi ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka saiwoyi masu zurfi ne ke kama shi, ko kuma bakteriyar da ke zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ƙarancin iska ta mayar da shi iska ya tashi.

A nan ne, a ganina, mutane da dama ke yin kuskure. Fosfaros ba shi da irin wannan mafita, ba ya tashi sama, taruwa kawai yake yi a cikin zirin shekara bayan shekara, har wata rana ƙasar ta ƙoshi ta fara sakin abin da ta riƙe. Wanda ya dasa ciyawa ya juya baya ya jinkirta matsalar ne kurum. Dole a riƙa yanke ciyawar ana kwashe ta daga wurin gaba ɗaya, domin idan aka bar ta ta ruɓe a inda take, abin da ta tsotsa zai koma inda ya fito.

Haka kuma zirin ba ya aiki sai ruwa ya ratsa shi a shimfiɗe. Da zarar ruwan ya haƙa wa kansa hanya guda, ko kuma akwai bututun magudana da aka binne ya bi ta ƙarƙashi, to komai faɗin ciyawar an tsallake ta. Ya kamata a zagaya wurin bayan ruwan sama mai ƙarfi, a cike duk ramin da ya fara buɗewa, a kuma baje lakar da ta taru a gefen gona.

Batun faɗi ya danganta da gangara da irin ƙasa: inda tudu ya yi tsayi ko ƙasar ta yumɓu ce, ana bukatar ƙari. Dokar da Ingila ta kafa a 2018 ta hana zuba takin zamani a tazarar da ba ta kai mita 2 ba daga ruwa, takin dabbobi kuwa, bisa ƙa'ida, mita 10, amma ni ina ɗaukar irin waɗannan alƙaluma a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a yi. Bishiyoyi na taimakawa wajen riƙe gaɓa, sai dai idan suka yi wa ƙaramin tafki yawa, inuwarsu da ganyen da suke zubarwa su ma matsala ce. Dabbobi kuma a kange su da shinge, a jawo musu ruwan zuwa kwami a waje, domin kofatonsu na iya mayar da zirin da aka yi shekaru ana reno taɓo cikin 'yan makonni.