Asabar a Agege, ranar da kalangu ya ƙi ƙirgar takwas

Tun da hantsi 'yar yayana da ƙawayenta suka mamaye mini tsakar gida. Su ne za su shigo da amarya da yamma, kuma wai sai da rawar shiga irin wadda ake yayi. Sun jingina waya a jikin bokiti, ta gaba tana ƙirga daga ɗaya zuwa takwas, su juya, a koma ɗaya. Ni ina bakin ƙofa ina duba aikin nahawun 'yan ajina. Na ce su raba jimla, su nuna yankin suna da yankin aiki, sai ga rabinsu sun datse "yaron da ya sayi goro" a tsakiya, sun bar "yaron da" yana reto.

Na tambayi yarinyar me ya sa dole sai takwas. Ta ce, "Gwaggo, ki kasa kunne mana, haka kiɗan yake." Da gaskiyarta. Kiɗan situdiyo bugu huɗu-huɗu yake tafiya, biyu su haɗu su ba da takwas, kuma kwamfuta ce ke riƙe da shi, ba ƙari ba ragi.

Uban ango tsohon mahauci ne, a mayankar Oko-Oba ya yi furfura, don haka ba a yi bikin ɗansa babu kalangu ba, kiɗan mahauta ne tun asali. Maƙwabta Yarabawa su ma sun zo da masu kiɗa gangan da dundun, gangunansu masu kama da kalangu. A Agege wannan ba abin mamaki ba ne, an daɗe ana cuɗanya tun zamanin fataken goro.

Amarya ta kawo tsakiyar rumfa ke nan janareta ya yi tari ya mutu. Lasifika ta yi tsit, 'yan mata suka daskare da hannuwa a sama. Kafin a ce kwabo wani tsoho makaɗin kalangu ya miƙe ya shiga fili. Ina kusa da shi, na ga yadda yake yi. Kalangun na maƙale a hammata, in ya matse igiyoyin da damtse fatar ta ɗaure muryar ta hau, in ya saki ta sauko, wani lokaci kuma bayan ya buga yake sakin, sai sautin ya zame ƙasa kamar mai jan wasali. 'Yan matan suka yi ta maza suka ci gaba da ƙirga, leɓunansu na motsi. Ina! Wani zubin ya tsaya suna kan shida, wani ya zarce takwas bai ko waiwayo ba. Suka haɗe da juna, aka yi ta dariya.

Shi ba lissafi yake ba, magana yake yi. Taken uban ango ya ɗauko, ya bi shi da kirari, kuma kowace gaɓa tsawonta shi ne tsawon abin da ake faɗa. Uban angon nan da ke kukan gwiwa kullum sai ga shi ya tashi. Rawar tasa ma ba yawan motsi ba ce. Yakan tsaya cak, kafaɗa na ɗan rawa, ya jira kalangu ya kai ƙarshen zance, sannan ya doka ƙafa ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Abokan sana'arsa suna faɗin kalmomin da baki tun kafin makaɗi ya ƙarasa su. Ni da na taso a nan Legas rabi kawai na tsinta, abin ya ɗan sosa mini rai.

Mai gidan da muke haya, dattijon Bayarabe mai jin Hausa tsaf, yana gefena. Ya ce ganga ba ta da baƙi ba ta da wasali, hawa da saukar murya kaɗai take ɗauka, da tsawo da gajarta. Yarabanci na da karin sauti uku, Hausa kuwa sama da ƙasa ne sai mai faɗuwa, amma dabarar ɗaya ce: kalma guda a ganga za ta iya zama kalmomi da yawa, shi ya sa makaɗi ke buga zance sukutum wanda jama'a suka riga suka sani. Ya tuna mini taken da gidan rediyon Najeriya ke buɗe tasha da shi da dundun a da. Sunan tashar ake nufi, da Turanci, amma Yarabawa kowa ya ɗora masa nasa zancen, har da masu jin ana tambayar wa zai hau gadon Olubadan, sarkin Ibadan, in ya rasu.

Sai Shata ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa, tun 1999 da ya rasu ba a daina sa shi a motocin haya ba. Shi ma da kalangu ya yi waƙa. Gindin waƙa na nan daram a bakin 'yan amshi, amma ɗiyan, wato baitukan da shi yake rerawa, ba tsawonsu ɗaya ba, wani numfashi guda, wani ya yi ta jan sa, 'yan amshi na jira sai ya dire.

Da aka zauna cin abinci na matsa na gaida makaɗin. Na ce, "Baba, ta yaya kake sanin inda za ka tsaya?" Ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar gidansu. Ya ce, "Malama, ke in kin fara gaida mutum, kina bari a tsakiya ne?" Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Gab da magariba aka samu janareta ya tashi. 'Yan mata suka nace sai an mai da amarya waje an sake shigowa saboda bidiyo, aka sake, suka yi takwas ɗinsu lafiya lau. 'Yar yayana ta je tana roƙon mai kyamara ya yanke wurin da suka rikice. Uban ango ya ji, ya aiko a gaya masa in ya taɓa wurin nan ba zai ga cikon kuɗinsa ba.