Makarantun Brooks da mayankar da ke cika su

Garin Brooks, wanda ke kudancin lardin Alberta a ƙasar Kanada, yana da mutum 14,924 bisa ƙidayar 2021, kuma yawancin baƙin da suka sauka a cikinsa, har da ni, mayankar shanu ce ta kawo su. Ana kiran wannan masana'anta Lakeside a da, kafin ta koma hannun kamfanin JBS a 2013, kuma ma'aikatanta sun haura 2,000. Da yake 'yan ƙasa ba su cika sha'awar aikin ba, saboda sanyi da doguwar tsayuwa da wuƙa a hannu, sai aka riƙa ɗaukar 'yan gudun hijira daga Sudan da Somaliya da Habasha, daga bisani kuma 'yan Filifin suka biyo baya.

A makaranta ake ganin tasirin wannan sauyi ƙarara. Ƙananan garuruwan manoma da yawa a yankin suna fama da ƙarancin yara, domin gonaki sun faɗaɗa, injuna sun rage buƙatar hannu, matasa kuma sun tafi birane. A Brooks ajujuwa cike suke, kuma malamin da ke koyar da lissafi dole ne ya haɗa da koyar da Turanci, tun da yara da dama ba da shi suke magana a gida ba. 'Ya'yana sun riga ni kama harshen, har ta kai su ne ke yi mini tafinta idan takarda ta zo daga makaranta, abin da har yau bai gama kwanta mini a rai ba.

Sai dai duk wannan cikar a kan masana'anta ɗaya ta rataya. Lokacin da cutar korona ta bazu a garin a watan Afrilu na 2020, aka rage aiki a mayankar, masu gidajen haya da masu shaguna duk sun ji a jikinsu. Ban da haka, ban taɓa haɗuwa da mahaifin da ke fatan ɗansa ya gaje shi a wannan aiki ba. Muna tura su karatu ne domin su wuce babban birnin nan na Calgary, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota, kuma idan suka tafi, sai garin ya sake jiran wasu baƙin da za su zo da nasu yaran.