Rafin Siyol da ya tuna min Jakara

Wata huɗun farko da na yi a Siyol wallahi ban ji daɗinsu ba. Karatu ya kawo ni Koriya ta Kudu, na tarar da sanyi kamar zai tsaga ƙashi, abinci sai ka tsaya kana duba ko da alade a ciki, yaren kuma ko gaisuwa da ƙyar nake haɗawa. In ba ranar Juma'a da nake zuwa babban masallacin Itewon ba, daga aji sai ɗaki.

A masallacin na haɗu da wani ɗan Fagge, ya girme ni, ya daɗe a nan. Bayan sallah ya ce malam taso in nuna maka Jakarar garin nan. Rafi ne a tsakiyar birni, sunansa Chonggechon, sai ka sauka matakala daga kan titi sannan ka iso bakin ruwan, kana sauka ƙarar motoci ta ragu, ga hanyar ƙafa hagu da dama, ga tsofaffi a zazzaune, ga ma'aikata sun cire takalma sun tsoma ƙafa. Gadoji 22 ne a kansa, amma ni abin da ya kama ni manyan duwatsun da aka jera a cikin ruwan ne, ka taka ɗaya bayan ɗaya ka tsallaka, har yara ƙanana suna bi iyayensu na riƙe da hannunsu.

Na tsaya a kan dutsen nan sai na tuna katakon da muke bi mu haye Jakara, rafin da ya ratsa birnin Kano, muna yara in an aike mu kasuwar Kurmi. Da damina in ruwa ya ciko sai dai ka zagaya, wani yaron layinmu ruwa ya taɓa jan sa, Allah ya sa wani mai kura ya cafko rigarsa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ɗan Faggen nan ya ce shi ma wannan rafin na Siyol da can kwata ce, wari da bola, har aka rufe shi da kankare aka ɗora gadar sama ta motoci. A 2003 magajin gari Lee Myung-bak ya sa aka rushe gadar aka tono rafin, a 2005 aka buɗe, kusan kilomita 6. Ba kyauta ba ne fa, yawancin ruwan da inji ake turo shi daga kogin Han, kuma 'yan kasuwar da aka tasa daga wajen sun koka sosai. Duk da haka sai na yi ta tunanin mu a Kano rufe tamu muka kama yi da titin Wuju-Wuju, su kuma sun rufe sun dawo sun buɗe. Na san warin Jakara ya ishi mutanen da ke gefenta, ba na ganin laifin mai son a rufe, amma ina ma a bar ko ɗan yanki ne a tsabtace, a dasa darbejiya, a sa benci da gadar ƙafa mai ƙarfe a gefe saboda yara.

Tun ranar nake zuwa duk yamma in na taso, a nan na fara gaisawa da mutane da yarensu. Jiya na kira Hajiya ta bidiyo na nuna mata ruwan da kifaye a ciki, ta ce kai dai ka taka dutsen nan a hankali, na ce to Hajiya.