Ranar da Duna ya ciji ɗan maƙwabcina

Shekara uku ke nan da na karɓo Duna daga hannun wani mafarauci a ƙauyen su mahaifiyata, ɗan kwikwiyo baƙi wuluk da bai wuce wata biyu ba. Ɓarayin kaji ne suka addabe mu a bayan gari, shi ya sa. Tunanina a lokacin irin na kowa ne: a ɗaure shi da sarƙa da rana, a sake shi da dare, a zuba masa kwantan tuwo.

Likitan dabbobin da ke duba mini kaji shi ya matsa mini, da Duna ya cika wata uku, aka yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ya ba ni kati ya ce duk shekara a maimaita. Na cusa katin a ƙarƙashin katifa.

Wata Asabar da la'asar, cikin zafin Afrilu, ɗan maƙwabcina mai shekara bakwai ya shigo ɗaukar ƙwallon da ta faɗo gindin bishiyar da Duna ke ɗaure. Sai ihu kawai na ji. Ya cafke shi a ƙwauri, haƙori biyu sun shiga. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, wani na cewa a barbaɗa toka, wani na neman sanda a kashe karen. Ni kuwa maganar likitan ce ta faɗo mini: sabulu da ruwa mai gudana, minti 15 cur. Muka zaunar da yaron, uwargidana tana kwarara buta bayan buta, ina wankewa, yana kuka. Ban taɓa sanin minti 15 na da tsawo haka ba.

Mahaifinsa ya iso yana huci. "Malam, karen nan yana da allura?" Na ce, "Yana da ita, Alhaji, ga katin." Muka wuce asibiti tare. Aka yi wa yaron allurar tetanus, aka fara masa ta haukan kare duk da katin, domin ciwo ne da in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Aka kuma hana mu kashe Duna. A killace shi kwana 10 ana kallo, in yana ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon, zai nuna a cikin kwanakin nan.

Kwanakin goman nan ne na fara kallon karena da idon basira, kuma na ji kunya. Ashe yara sun daɗe suna jifansa ta saman katanga, shi kuma sarƙa ta hana shi gudu. Na lura kafin ya yi gurnani sai ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya, ya riƙa lasar baki yana kau da kai. Da can in ya yi gurnani dukansa nake yi, ban san gargaɗin da yake yi kafin cizo nake kashewa ba. Ruwansa ma a rana yake yini, alhali kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafi. Duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, amma ga nawa a gida yana lasar ruwan zafi.

Duna ya cika kwanakinsa lafiya lau. Na cire sarƙar, na kewaye masa fili da waya a inuwa. Yanzu bayan sallar asuba muna zagaya gona kamar rabin awa, in jefa masa tsohuwar igiya ya ɗauko. Da gutsuren busasshen kifi na koya masa "zauna" da "bari", cikin mako biyu ya kama. Haushin banzan da yake yi da dare har ya ragu. Ɗaki dai ba ya shiga, kwanonsa ma daban yake.

Na daina ba shi miya mai albasa da dafaffen ƙashin kaza, kuma ko ya yi laushi ba na ba shi farasitamol ɗinmu, likita nake kira. Duk yamma ina duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, duk wata uku a ba shi maganin tsutsar ciki. Maganin ɓera ya koma saman rumbu. Katin kuma ya bar ƙarƙashin katifa, yana cikin gwangwani a zaure tare da sabulu, aidin, bandeji da takunkumi, lambar likitan na rubuce da gawayi a bango.

Yaron ya warke, sai ɗan tabo. Watanni ya yi ba ya bin ƙofar gidana. Ran nan da yamma na gan shi tsaye a bakin waya, hannunsa cikin na mahaifinsa, yana tambaya ko zai iya jefa wa Duna igiyar.