Mutumin da ke cikin hoton akwatin Hajiya

Bayan rasuwar kakarmu Allah ya jiƙanta, muna kwashe kayan akwatinta sai ga wani tsohon hoto baƙi da fari a naɗe cikin zani, wani mutum zaune kan kujera da babbar riga da carbi a hannu. A bayansa an rubuta sule biyar da fensir, kenan tun kafin naira ta shigo a 1973 aka ɗauke shi. Baba ya ce kakansa ne, Gwaggo ta ce a'a Yaya, wan Hajiya ne da ya tafi aikin hajji ta Sudan bai dawo ba. Na ɗauka da waya na ƙara girman fuskar, wallahi tsagar kumatunsa irin ta Hajiya ce sak. Gwaggo tana gani ta fashe da kuka.